Zuciyar Wa Ake Ƙirgawa? Ƙabila, Nisa da Ciwon Zuciya a Ƙasar Haɗejiya

Masarautar Haɗejiya ƙananan hukumomi takwas ce: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kirikasamma da Guri. Wanda ya tashi daga birnin Haɗejiya zuwa Kano yana da tafiyar kusan kilomita 200 a gabansa. Wanda ya tashi daga wani ƙauye a bayan Guri kuwa sai ya fara kawo kansa Haɗejiyar tukuna, kuma idan a watan Agusta ne ko Satumba, sa'ad da kogi ya tumbatsa ya shafe hanyoyin burji, mai yiwuwa kwalekwale ne abin hawansa na farko. Buhun shinkafa da kwandon bandar kifi suna iya jure wannan tafiya. Tsokar zuciyar da jini ya daina kai mata ba ta iyawa.

Abin da kafofin labarai ke kira bugun zuciya yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciyar kanta. Daga lokacin da jijiyar ta toshe, naman da ke bayanta zai fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana a 1912 cewa ana iya gane wannan ciwo a jikin mai rai, ba sai an buɗe gawa ba. Amma sai a ƙarshen ƙarni aka sami abin yi a kai. A 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a Zurich. A 1988 wani babban gwaji da ya haɗa majinyata fiye da 17,000 ya nuna cewa asfirin kaɗai yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma idan aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini, ragin ya wuce kashi 40 cikin 100. Sharaɗin duka ɗaya ne: sauri. Ƙa'idar likitocin zuciya a yau ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji gwajin ECG cikin minti goma da isarsa asibiti. Allurar ta fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, bayan sa'a goma sha biyu kuwa amfaninta ya kusa ƙarewa.

Tun da aka sami maganin, sai wata tambaya ta biyo baya: su wa ke isa gare shi a kan lokaci, su wa kuma ba sa isa? A Amurka an daɗe ana amsa ta da alƙaluma, kuma amsar ta bi launin fata. A ƙasar Haɗejiya tambayar ta fi wuya, domin tarihin da ya shimfiɗa asibitoci a inda suke, shi ne kuma ya zaɓi waɗanda za su shiga littafin lissafi.

Labarin Amurka ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, saboda yadda ya juya. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 asibitoci da yawa a kudancin ƙasar suna ware baƙar fata, ko su hana su shiga baki ɗaya. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 da shirin inshorar tsofaffi na Medicare, wanda ya fara aiki a 1966, su suka tilasta buɗe ƙofofin, domin asibitin da ya ci gaba da wariya ba zai sami kuɗin gwamnatin tarayya ba. Shahararren binciken Framingham, wanda aka fara a 1948 kuma daga cikinsa duniya ta koyi yawancin abin da ta sani game da hawan jini, taba da kitse, kusan dukan mutanensa farare ne. Sai a shekarar 2000 aka fara makamancinsa na baƙar fata a Jackson, jihar Mississippi.

A 1999 wasu masu bincike ƙarƙashin Kevin Schulman suka ɗauki 'yan wasan kwaikwayo, maza da mata, farare da baƙaƙe, suka ba su kalmomi iri ɗaya na kukan ciwon ƙirji, suka nuna bidiyon ga likitoci 720. Kimanin kashi 91 cikin 100 na fararen maza, fararen mata da baƙaƙen maza aka tura gwajin jijiyoyin zuciya. Baƙaƙen mata kuwa kashi 79. Jaridu sun zuzuta sakamakon fiye da yadda yake, amma giɓin na gaske ne, kuma rahoton da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 2002 ya tabbatar da irinsa a fannoni da dama, ko da inshora da kuɗin shiga sun zo daidai. Daga baya sai binciken shekarun 2004 da 2005 ya ƙara wani abu da bai yi amo a jarida ba: babban kaso na jinkirin da baƙar fata ke fuskanta ya samo asali ne daga asibitin da aka kai su. Suna zaune a unguwannin da asibitocinsu suka fi rauni, kuma a waɗannan asibitocin har fararen majinyata sun fi mutuwa. Son zuciyar likita yana nan, amma taswirar gari ta riga shi yanke hukunci.

Taswirar lafiya ta Arewa an fara zana ta ne da sunan launin fata, a fili, ba da kunya ba. A 1902 gwamnatin Ingila ta haɗa likitocin yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma a ma'aikata guda, ta kuma sa sharaɗin cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga, alhali a Legas, Saliyo da Gwalkwas akwai baƙaƙen likitoci da suka yi karatu a Edinburgh da Landan. Aikin farko na wannan ma'aikata shi ne kula da Bature, sai soja, sai ma'aikacin gwamnati. Lugard ya shar'anta a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, da hujjar cewa sauron da ya ciji ɗan ƙasa kada ya kai ga Bature. Bariki da GRA na garuruwanmu daga nan suka samo asali.

Haɗejiya ta shiga wannan tsari a makare kuma ta hanyar jini. A watan Afrilu na 1906, shekaru uku bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, rundunar Ingila ta afka wa birnin, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. Aka sa masarautar cikin Lardin Kano, a can gefensa na arewa maso gabas. Abin da Turawa suka fi bukata daga wannan gefe shi ne gyaɗa, fatu da haraji, shi ya sa layin dogo da ya isa Nguru a 1930 ya bi ta Malam Madori da Birniwa, ya bar birnin Haɗejiya da fadamarsa a kudu. Mishan, waɗanda suka gina yawancin asibitocin karkara a Kudu da tsakiyar Nijeriya, an taƙaita shigarsu masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 aka ba su aikin kutare a Kano, Katsina da Sakkwato. Abin da ya rage wa talakan karkara shi ne ɗakin shan magani na En'e, inda malamin asibiti ke wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Ƙarfin gwamnati ya tafi ga annobar da ke iya hana noma ko ta tsallaka bariki: agana, sanƙarau, ciwon barci. Ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita, Dokta Barau Dikko, sai a 1940 ya shiga aikin gwamnati.

Makiyayi yana da nasa babin a wannan tarihi, kuma babi ne mai ɗaci. Jangali yana cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na baitulmalin En'e, don haka lafiyar saniya ta zama lamarin gwamnati da wuri. A tsakiyar shekarun 1920 an kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, ana kuma kafa sansanonin yi wa shanu allurar bushiya a dazuzzuka. Ma'aikacin dabbobi ya san hanyar ruga shekaru masu yawa kafin ma'aikacin lafiyar ɗan Adam ya neme ta. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979, lokacin Haɗejiya tana cikin jihar Kano. An kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989. Lafiyarsu ba ta sami hukuma mai wannan matsayi ba, kuma har yau ma'aikacin lafiyar da ruga ta fi sani shi ne mai ɗigon foliyo.

A cikin wannan yanayi ne aka haifi ra'ayin cewa zuciyar baƙar fata daban take. A 1929 wani likita, C. P. Donnison, ya wallafa sakamakon awon jinin maza 1,000 a yammacin Kenya, ya ce jininsu ba ya hawa da shekaru kamar na Turawa. Likitocin Uganda da na wasu wurare suka riƙa ba da rahoton cewa sun shekara da shekaru ba su ga toshewar jijiyar zuciya a jikin ɗan Afirka ba. Adalci ya sa a ce ba ƙarya suka yi ba. Manomin da ke wuni a gona, yana cin tuwon gero da miyar kuka, ba ya shan sigari, kuma da wuya ya kai shekara sittin, hakika ba ya yawan kamuwa da wannan ciwo. Ko a 2001 wani bincike a kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos ya tarar cewa duk da yawan madara da man shanu a abincinsu, kitsen jininsu lafiya lau yake, saboda yawan tafiya da rashin ƙiba. Kuskuren yana wajen fassara: abin da salon rayuwa da gajeren kwana suka haifar, sai aka jingina shi ga jinsi. Wanda ya yarda cewa wata al'umma ba ta kamuwa da ciwo, ba zai sayi na'urar gano shi ba, ba zai koyar da ɗalibi ya neme shi ba, kuma kowace shekarar da ba a gano shi ba sai ta zama sabuwar hujja. A Amurka ma an daɗe ana koyar da irin wannan game da baƙar fata. Likitocin Nijeriya ne suka fara rushe rabin ginin. Littafin Farfesa Oladipo Akinkugbe na Ibadan a kan hawan jini a Afirka ya fito a 1972. A yau kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

Sai dai labarin da ya fi shafar ƙasar Hausa kai tsaye ya fito ne daga Zariya, kuma ya shafi mata. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, Eldryd Parry ya zo ya zama farfesa a 1969. Shi da Neil Davidson suka lura da wani abu da ya cika ɗakin mata: mai jego, makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi na sama-sama, ba ta iya kwanciya sai a jingine, zuciya ta buɗe ta gaza. Suka bi mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. Kiyasinsu shi ne kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 a Zariya, adadin da ba a taɓa jin irinsa a ko'ina ba. Kusan dukan matan Hausawa ne ko Fulani, ko da yake Zariya cike take da 'yan wasu ƙabilu da ke haihuwa a asibiti ɗaya.

Bayanin da suka bayar ya yi daidai da abin da ido ke gani. Mai jego tana wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, tana kwana a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, tana shan kunun kanwa don nono ya kawo. Kanwa gishiri ce. Gishiri yana tara ruwa a jiki. Zafi yana buɗe jijiyoyi ya ƙara wa zuciya aiki. Kanwar nan, a wuce, tsohuwar hajar gabas ce: daga tafkunan ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi fatake suke ɗauko ta zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, kuma Haɗejiya tana bakin wannan hanya. Bayanin ya shiga littattafan likitanci na duniya, ya zauna shekara talatin. Ɗalibin likitanci a Landan ko Delhi da bai san komai game da Bahaushe ba, ya san cewa matansa suna gasa kansu suna shan gishirin tafki har zuciyarsu ta gaza.

Parry da Davidson masu kishin majinyatansu ne, kuma sun yi aiki da kayan zamaninsu. Hasali ma hoton zuciya da aka yi wa wasu daga cikin irin waɗannan mata a Zariya a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa a jikin wasunsu yawan ruwa ne matsalar, don haka shawarar rage kanwa ga mai hawan jini tana nan daram. Amma bayanin al'ada yana da wani daɗi ga hukuma: yana mayar da laifi cikin ɗakin mai jego, wurin uwar miji da ungozoma. Magani sai ya zama wa'azi a rediyo.

Da likitocin yankin suka sake buɗe tambayar da na'urorin zamani, amsar ta canja. Simeon Isezuo da abokin aikinsa a Sakkwato sun ruwaito a 2007 cewa ciwon yana nan da yawansa, kusan ɗaya cikin haihuwa 102. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci rajistar ƙasa baki ɗaya, wadda ta tattara mata 406 daga asibitoci 22, aka wallafa a 2020. Fiye da kashi 70 cikin 100 na matan daga Arewa maso Yamma suke. Amma da aka gwada su da masu jego lafiyayyu, sai aka tarar lafiyayyun ma suna wankan jego suna shan kunun kanwa. Abubuwan da suka bambanta mai ciwo da marar ciwo su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a mai kawo kuɗi, da hawan jinin ciki. Wani binciken Karaye na 2015 ya sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancin majinyatan, musamman mazauna karkara, abin da likitoci a Yamai suka riga suka gani a farkon shekarun 1990. Abin da aka shekara talatin ana kira ciwon al'adar Hausawa ya bayyana da fuskar yunwa, talauci da cikin da ba a auna ba.

Wannan ne ya sa kalmar "Hausa-Fulani", wadda ke cika takardun binciken lafiya na Nijeriya, take bukatar a riƙe ta da hannu biyu. A ƙasar Haɗejiya akwai Hausawa da Fulanin gida, akwai Fulanin daji, akwai Mangawa masu wani reshe na Barbarci, akwai Badawa da Ngizimawa a gabas wajen iyakar Yobe, akwai kuma zuriyar Auyokawa, waɗanda harshensu ya riga ya ɓace cikin Hausa. Kusan kowa yana jin Hausa, kowa Musulmi ne, don haka a katin asibiti duk kalma ɗaya ce ke wakiltarsu, idan ma an rubuta. Kalmar nan ta haɗa babban sakatare a Dutse, wanda ke da inshora da mota da lambar wayar likita, da matar makiyayi a dajin Kirikasamma wadda Hausarta ta cinikin nono ce, ba ta kai ta bayyana wa bakon namiji cewa wani nauyi ya danne mata ƙirji yana sauka hannun hagu ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ta fi wadda ke tsakanin sakataren da takwaransa Bayarabe a Ibadan nesa ba kusa ba, amma alƙaluma ba za su nuna ta ba, domin rukuni ɗaya aka zuba su.

Kuma ƙananan ƙabilun nan, tare da makiyaya da masunta, su ne mafi yawa a ɓangaren da ya fi nisa da kwalta. Ruwan da suke rayuwa a kansa ma daga sama ake yanke hukuncinsa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadama tsakanin Haɗejiya da Nguru, sun kuma sa ruwa yana gudana har da rani a wasu rassa, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai. Sakamakon shi ne wani wuri ya bushe, wani ya nutse shekara da shekaru. Noman rani ya cinye burtali da mashaya, rikicin manoma da makiyaya ya zama abin da ake jira kowace kaka a Guri da Kirikasamma. Makiyayin da ke zaman doya da manja da garin da asibiti yake, ba ya garzayawa can da tsakar dare saboda ciwon ƙirji. A shekarun babbar ambaliya kamar 2022, hanyoyi da gadoji sun yanke a sassa da dama na Jigawa, har garuruwan da ke bakin kwalta suka ɗanɗana abin da ƙauyukan fadama suka saba da shi.

Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, manyan asibitocin tsohuwar jiha suka zauna a Kano, ciki har da asibitin koyarwa da aka kafa a 1988. Manyan cibiyoyin sabuwar jiha kuma suka taru a kudancinta: Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Haɗejiya tana da babban asibitinta, mutanen Birniwa da Guri kuma suna iya tsallakawa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Jihar ta yi ƙoƙari a fannin haihuwa da yara, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a asibitin Jahun tun 2008. Zaɓin yana da hujja: a inda mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, wa zai fara da zuciyar dattijo? Masu ba da tallafi daga waje ma abin da suke biya ke nan. Amma ma'anarsa ita ce tsarin da aka gada daga En'e, mai kallon annoba da ƙananan yara, ya ci gaba da sabon suna, a daidai lokacin da abinci ya canja, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, ɗanɗanon miya ya koma na dunƙule mai gishiri, ciwon suga da hawan jini suka shiga ƙauye.

Hoto mafi girma da Nijeriya ke da shi na bugun zuciya shi ne rajistar da Farfesa Isezuo ya jagoranta daga Sakkwato, wadda ta bi majinyata 1,072 tsakanin 2013 da 2018. Ta kashe tsohuwar magana cewa ciwon ba na baƙar fata ba ne, ta kuma nuna cewa yana kama mutane a nan da ƙuruciya fiye da Turai, a matsakaicin shekaru ƙasa da sittin. Kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai suka iso a motar asibiti. Sauran 'yan'uwa ne suka kawo su, da yawa bayan lokacin allura ya wuce. Ɗakunan buɗe jijiyar zuciya a ƙasar kaɗan ne, yawancinsu na 'yan kasuwa a Legas da Abuja, kuɗin aikin kuma miliyoyin naira ne, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005, ta fara ne da ma'aikatan gwamnatin tarayya, kamar yadda asibitin Turawa ya fara da ma'aikatansa. Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, amma masunci da makiyayi ba su da takardar albashi da za a cire musu.

Rajistar nan ta manyan asibitoci ce, saboda haka waɗanda suka iso take ƙirgawa. Wanda ya faɗi a gona a Auyo, ko aka tashe shi da asuba bai tashi ba a wata ruga, ana yi masa sutura kafin azahar kamar yadda addini ya tanada, a ce mutuwar fuju'a ce. Kimanin mutuwa ɗaya cikin goma ake yi wa rajista a Nijeriya, wadda likita ya rubuta sanadinta kuma ba ta kai haka ba. Baƙar fatar Amurka sun iya kai ƙorafinsu gaban majalisa ne domin kowace gawa tana da takarda, kowace takarda tana da launin fata da sanadi. Wanda ya yi ƙasa da ƙorafin sai ya yi jayayya da lamba. A nan kuwa rashin lambar yana aiki irin na zamanin Donnison: ba a gani ba, saboda haka babu, saboda haka ba a tanadi na'urar gani ba.

Abin da za a iya yi a wuri kamar Haɗejiya ba sai an jira ɗakin tiyata irin na Zurich ba. Indiya ta gwada wani tsari a jihar Tamil Nadu, Birazil da wasu ƙasashe ma haka: ƙaramin asibiti ya yi ECG, ya aika hoton ta waya ga likitan zuciya a birni, a ba da asfirin da allurar narkar da jini nan take, sannan a ɗauki majinyaci zuwa babban asibiti. Na'urar ECG ba ta kai kuɗin babur biyu ko uku ba. Awon hawan jini a ranar kasuwa, a mashaya da wuraren allurar shanu, da ma'aikacin da ke jin Fulatanci ko Barbarci, ya fi wannan arha, kuma shi ne zai rage shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya, waɗanda har yanzu sun fi bugun zuciya kisa a Arewa. Ƙara layi biyu a katin asibiti, harshen gida da sa'o'in da aka yi a hanya, zai ba jiha abin da Amurka ta yi shekaru tana tarawa.

Kwarin kogin nan ya riga ya nuna cewa ciwo yana iya zama maganar siyasa. Daga Haɗejiya zuwa Gashuwa an daɗe ana kukan yawan ciwon ƙoda. 'Yan majalisa sun tashi a kansa, gwamnatin Yobe ta ɗauki nauyin bincike, an kuma buɗe sashen wankin ƙoda a babban asibitin Haɗejiya. Ƙoda tana kisa a hankali: majinyaci yana watanni yana zarya, dangi suna sayar da gona da shanu, gari yana gani, ana neman taimako a masallaci da Facebook, kowa ya san sunansa. Hawan jinin da ke cikin manyan masu lalata ƙodar, shi ne kuma ke toshe jijiyar zuciya, sau da yawa a jikin mutum ɗaya. Na ƙodar yana da layi a asibiti, da ranar wanki sau biyu ko uku a mako, da lamba a littafi. Na zuciyar yakan gama cikin sa'o'i, tun ana neman wanda zai ba da aron mota.